Hedimastan da Yake Jiran Yaran Fadama

Ina tsaye a cikin aji ɗaya da tsintsiya a hannuna labarin ya same ni. Ruwa bai daɗe da janyewa daga harabar makarantarmu ba. Laka ta yi kauri a ƙarƙashin bencina, tabon da ambaliya ta bari a jikin bango ya kai mini ƙugu. Waya ta yi ƙara, na ga lambar Malam ce, na ɗauka da zumuɗin in gaya masa cewa bana rufin ofis bai zuba ba. Sai na ji muryar mai ɗakinsa, Ya Falmata. Ta ce, "Malama Hadiza, sai haƙuri. Malam ya cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na jingine tsintsiyar, na nemi wurin zama na rasa domin komai a jiƙe yake, na yi kukana a tsaye.

Malam Bukar shi ne hedimastan makarantar firamaren da nake koyarwa, can ƙarshen Haɗejiya, inda gidaje suke ƙarewa gonakin shinkafa su fara. Ni ce mataimakiyarsa. Kakanninsa daga wajen Tafkin Cadi suka zo, amma a garin nan aka haife shi, a nan kuma ya yi furfura da alli a hannu. Jinyarsa ba ta yi tsawo ba, kafin azahar an yi masa sutura. Masu iya yabo za su yabe shi fiye da yadda zan iya. Ni abin da na gani da idona zan faɗa, domin akwai aikin da ya bari a tsakiya, kuma ina tsoron kada a binne shi tare da shi.

Duk wanda ya san garin nan ya san makarantunsa ba ɗaya ba ne. Akwai na tsakiyar gari, a kan tudu, akwai kuma irin tamu ta bakin fadama. Idan sakamakon jarrabawar gama firamare ya fito, aka karanta shi a taron hedimastoci, ba sai ka saurara ba, ka riga ka san su wa za a fara kira, su wa za a kira lokacin da mutane suka soma neman takalmansu. Kowa kuma yana da bayaninsa a baki: wai 'ya'yan masunta da manoman shinkafa kansu ba ya ja. Har laƙabi aka yi mana, makarantar tarwaɗa. Lokacin da aka turo ni can, ƙawayena jaje suka zo yi mini, wata ma ta ja ni gefe ta tambaye ni laifin me na yi.

Ban daɗe da zuwa ba na je ofishinsa da fushina. Na ba 'yan aji huɗu karatu, rabinsu suka zuba mini ido kamar na yi musu wani yare. Abin da ya fi ba ni haushi, rubutunsu ga shi nan tsaf, sun kwafe allo ba kuskure, amma ka ce su karanta abin da hannunsu ya rubuta, shiru. Na ce, "Malam, yaran nan fa ba su da kai." Bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Ya ce, "Malama, kafin ki ce yaro ba shi da kai, ki tambaye shi yana ina ranar da aka koyar."

Na koma na tambaye su, na kuwa sha mamaki. Wannan yana gidan kawunsa a Kafin Hausa. Waccan tana rumfar leda a kan jinga, wato tudun ƙasar da ake tarawa don tare ruwa. Wani kuma gidansu bai rushe ba, amma tsakaninsa da makaranta sai da kwale-kwale. Shekarar karatu tana buɗewa ne daidai lokacin da kogi ya cika ya batse. Makarantun tudu su buɗe a ranar da aka tsara. Tamu kuwa ko tana cikin ruwa, ko yaranta sun watse. Kafin ƙasa ta bushe su dawo, makonni sun shuɗe.

A nan kuskuren yake, kuma ba kuskuren malalata ba ne, na masu bin doka ne. Malami ya dawo, ya buɗe jadawalin zango, ya duba makon da ake ciki, ya ci gaba daga nan don kada a ce 'yan tudu sun wuce shi. Makonnin da aka tsallake a aji ɗaya kuwa su ne na baƙi da wasali. Sai a fara koya wa yaro karanta kalma alhali bai san harafi ba. Ya koyi zana abin da ya gani, ya koyi buɗe baki idan aji ya amsa, haka zai yi ta lallaɓawa har aji shida. Ranar jarrabawa kuma garin duka ya ce, ai dama mun faɗa.

Malam ya ƙi yarda da wannan. A makarantarsa, ranar da yaran fadama suka dawo ita ce ranar farko ta aji ɗaya, ko da jadawali ya ce an yi nisa. Yakan ce, "Ruwa ne ya makarar da su, ba su suka makara ba." Idan ruwa ya soma ja da baya, sai ya naɗe ƙafar wandonsa ya bi jinga rumfa-rumfa yana tambayar iyaye yaushe suke sa ran komawa gida. Sai ya ga mafi yawansu sun hallara sannan ya ce a ɗauki alli. Abin da aka rasa kuma a rama shi da safiyar Asabar, da sanyi, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi.

Akwai wata al'ada tamu ta malamai da ita ma ya juya ta. Aji ɗaya sabon malami ake ba, ko wanda aka gaji da shi. Gwani kuwa a kai shi aji shida saboda jarrabawa. Malam da kansa yake ɗaukar aji ɗaya. Sai ka ga dattijo da farin gemu ya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, ƙananan yara sun kewaye shi, yana rera musu ba, bi, bu. Allah ya ji ƙansa, muryarsa ba ta waƙa ba ce. Na sha gaya masa cewa tsuntsayen da ke cin shinkafa ma idan suka ji shi tashi suke yi, ya kamata manoma su riƙa ɗaukarsa haya. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke da kike da murya, zo ki zauna mana." Daga baya na zauna ɗin.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo masa a sauƙaƙe. Ina nan a bakin ƙofa wata shekara da wani mai duba makarantu ya shigo. Mutumin kirki ne, aikinsa yake yi. Ya dubi allo, ya dubi takardar hannunsa, ya ce, "Malam Bukar, takwarorinka na cikin gari sun yi nisa, kai har yanzu kana baƙi da wasali?"

Malam ya ce, "Haka ne, yallaɓai. Ka rubuta yadda ka gani."

Mutumin ya sassauta murya ya ce, "Idan na rubuta fa zai taɓa ka."

Malam ya ce, "Ni zai taɓa, na sani. Idan na tsallake kuwa su zai taɓa, kuma su babu mai rubutawa."

Ya kuwa taɓa shi. An ja masa kunne ba sau ɗaya ba. Waɗanda suka fara aiki a bayansa suka wuce shi, ya je ya taya su murna da zuciya ɗaya. Ban taɓa jin ya zagi wani a kan wannan ba, ni ce dai nake yi masa fushin.

Abin da na ga ya ci masa rai shi ne ranar da wani uba ya zo cire ɗansa. Gidansu a tudu yake, yaron bai rasa ko kwana ɗaya ba, ga shi an zaunar da shi yana jiran wasu. Uban ya ce, "Malam, ba raini ba, amma ɗana ba zai tsufa a kan harafi ɗaya ba." Malam ya ce, "Kana da gaskiya, ɗanka bai yi laifi ba." Shi da kansa ya riƙe hannun yaron ya kai shi makarantar cikin gari. Da ya dawo bai ci abinci ba. Na ce masa mu raba yaran kashi biyu mana, waɗanda ba su rasa komai ba in ɗauke su ƙarƙashin bishiya in ci gaba da su, har sauran su taras da su. Ya ce ba mu da isassun malamai. Na ce za mu isa. Sai da ya bar ni na yi zango guda ina surutu, rannan ya aiko mini da tabarma da ƙaramin allo ba tare da ya ce komai ba. Haka yake karɓar shawara.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Ba mu kamo makarantun tudu ba, har gobe suna gabanmu. Suna da abubuwan da ba mu da su, kuma babu hedimastan da zai hana kogi cika. Amma yaranmu sun soma karanta abin da suka rubuta. An daina kiran sunanmu a ƙarshe kowace shekara. Akwai 'ya'yan masunta da suka fita daga hannunmu suka shiga sakandare suka tsaya da ƙafarsu. A wani taron da aka sake yin barkwancin tarwaɗa, Malam ya miƙe ya ce, "Shinkafar da yaranku suke ci su tafi makaranta, iyayen yaranmu ne suka noma ta, a cikin ruwan da ya hana nasu zuwa." Ya zauna. Daga baya wasu hedimastoci daga wajen Guri da Kirikasamma suka riƙa zuwa suna tambayarsa yadda yake yi. Wasu sun gwada, wasu sun ji tsoro, kuma bai zarge su ba.

Ga inda damuwata take. Wannan tsari nasa babu wanda ya umarta, babu wanda ya amince da shi a hukumance. A kan furfurarsa da haƙurinsa ya tsaya. Tun a gidan makoki wani daga cikin matasan malamanmu ya same ni a zaure ya ce, "Malama, yanzu fa sai mu bi jadawali kamar kowa. Malam ana jin kunyarsa, mu wa zai ji kunyarmu?" Ban ga laifinsa ba, yana da iyali, ni ma ina da su. Riƙon ƙwaryar kujerar Malam kawai aka ba ni, gobe ana iya kawo wani. Na bar shi a nan, na shige cikin gida wurin mata.

Ina zaune kusa da Ya Falmata wata mata ta shigo, ƙafarta duk laka, da gani ta sha tafiya. Talatu ce, mai bandar kifi, daga cikin waɗanda har yanzu suke rumfunan jinga. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, sannan ta matso kusa da ni ta ce, "Malama, kada ki ga rashin kunyata a gidan rasuwa. Autata ce za ta shiga aji ɗaya bana, ga shi ɗakinmu bai bushe ba. Mun ji Malam ya tafi. Za a jira mu kuwa?"

Ya Falmata, da ba ta ɗaga kai ba tun safe, ta ɗago ta dube ni. Malam bai bar mini wasiyya ba, bai taɓa sa ni na yi masa alkawari ba. Amma na ji kunya ta kama ni, da wani irin ƙarfin zuciya da ban san ina da shi ba. Na ce, "Talatu, za a jira ku."

Shi ya sa na rubuta wannan a inda kowa zai gani, don kada in sami hanyar janyewa. Bana ma aji ɗaya na makarantarmu daga baƙi da wasali zai fara, ranar da yaran jinga suka dawo, kuma ni zan zauna a tabarmar. Duk wanda ya zo dubawa, ga kujera, ya rubuta abin da ya gani, sunana Hadiza. Ga 'yan uwana malamai na bakin ruwa, ina roƙonku mu yi shi tare, domin mutum ɗaya ake iya ja wa kunne a ɓoye, ba makarantu da yawa ba. Ga na tudu kuma, idan aka karanta sakamako, ku tuna ba rana ɗaya muka fara ba.

Ya Allah, bawanka Bukar ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa kowane harafin da ya koya wa yaro ya zama masa sadaka mai gudana, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Ya Falmata da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu, ka rufa musu asiri. Mu da ya bari da aikinsa, ka tsayar da ƙafafunmu ranar da tsoro ya zo. Ka busar da ɗakin Talatu da na maƙwabtanta, ka kawo mana 'ya'yansu lafiya, su same mu muna jiransu. Amin.