Zannuwan Asibiti da Hayaƙin Motar Auta

Shekara goma sha tara Mai Wanki ta yi tana wanke tsummokaran gareji, kuma ko sau ɗaya ba ta daina jin ƙyamarsu ba. Mijinta bakanike ne, ita kuwa irin matan nan ce da ko ƙuda ya sauka a bakin kofi sai sun sake wanke shi. Kullum da yamma in ya shigo da buhun tsumma, sai ta toshe hanci ta ce, "Ajiye can waje, kada ka shigo mini da ƙazantar nan ɗaki."

Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mutumin yana da ɗabi'a guda: in an kawo masa mota mai hayaƙi, ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya kara farin ƙyalle a bakin salansa, inda hayaƙin ke fita, ya murza abin da ya fito da yatsu. Ita ke wanke ƙyallayen, har ta san halinsu. Mai maiƙo, wanda sai ruwan zafi ke fitar da shi, injin ne ke shan baƙin mai. Busasshe kuwa, mai kakkaɓuwa kamar garin gawayi, yawanci iska ce ba ta isar injin.

Da Allah ya yi masa rasuwa, aka rufe gareji. Tsohuwar babbar motarsa ta koma hannun ƙaninsa Auta, ita kuma ta kama wanke zannuwan gado na wani ƙaramin asibiti, farare tas, arba'in duk kwana biyu. Da su take ciyar da 'ya'ya uku.

Shi Auta ba mugu ba ne, ƙazami ne, kuma a wajenta bambancin kaɗan ne. Gaban motarsa ɓawon ayaba ne da tsohuwar safa da robobin ruwa waɗanda ba ruwa ne a cikinsu ba. A bayan katangarta yake kwantar da motar, daidai igiyoyin shanya. Da safe in ya tayar da ita don ta yi zafi, sai baƙin hayaƙi ya tsallako ya bi zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Ta yi magana har ta gaji, shi dai kunnen ƙashi.

Ran nan babbar nas ɗin asibitin ta ɗaga zane ɗaya da yatsu biyu kamar ta tsinto shi a kwata.

"Mama, marasa lafiya ne fa ke kwanciya a kan wannan. In na sake ganin ɗigon baƙi, zan ba wani aikin."

Kunya da takaici suka kama Mai Wanki. Ita da tsafta ce kaɗai abin taƙamarta, yau ita ake nuna wa datti!

Washegari tana jin tarin motar ta zagaya.

"Auta, kashe abin nan."

"Haba Yaya, na ce miki ki yi haƙuri. Bakanike ya ce ringin inji ne ya mutu, sai an sauke injin gaba ɗaya. Bayan wata biyu zan kai ta."

"Kafin wata biyu ni da yara mun koma cin iska. Fasa kashewa. Taka mini totur."

Ta zaro farin hankici, ta kawar da fuska, ta kara a bakin salansa. Auta ya taka yana dariya. Ta murza abin da ya fito, ta hura shi ya tashi, ko alamar maiƙo babu.

"Ringin lafiyarsa ƙalau. Buɗe mini gidan matatar iska."

"Ke da sabulu, Yaya, me ya haɗa ki da inji?"

"Tun kana yawo ba wando nake wanke kashin inji. Buɗe!"

Notin ya ci tsatsa, sai da ya haɗa da guduma. Murfin na ɗagawa wani wari ya bugo su, har Auta ya ja da baya. Ɓeraye ne suka yi gida a ciki. Ga tarin auduga da leda da kashinsu ya daskare, ga gawar biyu sun bushe sun manne, ga ta ukun ba ta gama ruɓewa ba. Ita kanta matatar ta toshe, ta koma kamar dunƙulen laka. Mai Wanki ta juya ta tofar da yawu sau uku.

"Tir! Allah wadaran naka ya lalace. Ta cikin mushe motar nan take numfashi, kai kuma kana zaune a kai kana cin ayaba."

Auta ya jawo matatar da sanda. Sai ta hango rubutu da farin fenti a kan ƙarfen bakinta, kwanan wata ne. Marigayi yakan rubuta ranar da ya sa sabuwa, kuma bakwai ɗinsa kullum a karkace take. Rubutunsa ne, kuma kwanan watan mako biyu ne kafin ya kwanta ciwon ajali.

"Shekara huɗu," in ji ta a hankali. "Tun da yayanka ya rufe nan, ba ka buɗe ba?"

Auta ya sunkuyar da kai. Bai ƙara wasa ba, ya tafi ya sayo sabuwa, ya wanke gidan da kansa yana kakarin amai. Da ya tayar da motar, ta kara ɗaya gefen hankicin, da ƙyar ya yi duhu. Bayan kwana biyu babbar nas ta juya zannuwan ciki da bai, ba ta yaba ba, ta dai turo mata wani ƙunshin.

Tsohuwar matatar kuwa, Auta ya kama hanyar bola da ita sai ta ce ya dakata. Ta sa ya ɓamɓaro mata ƙarfen bakin. Ruwan zafi uku ta canza masa, tana yi tana yamutsa fuska, tana kewaye rubutun da soso don kada fentin ya fita. Warin bai gama barinsa ba. Haka ta ɗauke shi ta shiga da shi ɗaki.