Alillibar Baba Ebenezer

Shekara goma sha tara Baba Ebenezer yana aikin lambu a gidan Alhaji Abdulmajeed a Maitama, kuma ƙarya ɗaya tak ya taɓa yi wa masu gidan. Ita ma ba da baki ya yi ta ba, da tsintsiya ya yi.

A watansa na farko ya dasa alilliba a bakin get. A gwangwanin madara ya taho da ita daga ƙauyensu na kudancin Kaduna, inda mahaifiyarsa kan dafa 'ya'yan ta yi musu alewa. Da bishiyar ta girma ta yi farin fure, Hajiya Nabilah, matar gidan, har hoto take ɗauka a gindinta. Ba ta san 'ya'yan alilliba danƙo ne da su kamar gam ba. Ka taka ɗaya, sai ya raka ka har gado.

Ebenezer kuwa ya sani. Idan suka fara zuba, kafin Oga ya sha shayi ya tsince, ya share, ya wanke dandamali tas. Bai taɓa neman hutu a lokacin ba. Direbobi na tsokanarsa wai ya fi kula da itacen a kan haƙoransa, waɗanda dama saura kaɗan.

Sai bikin 'yarsa Justina ya faɗo daidai nunar 'ya'yan. Ya nemi a ɗaga, matarsa ta ce to ya je ya aurar da bishiyar. Dole ya tafi na kwana goma.

Ranar kwana na shida Hajiya ta yi baƙi daga ma'aikatarsu. Mata goma sha biyu, bakin leshinsu ya kwaso danƙo tun daga get har kan farin kafet. Da Ebenezer ya dawo da ledar cincin, kututture ya tarar.

Hajiya ta ce, "Baba, ai da ka faɗa mana, hanyar shiga kawai za mu canja. Mun ɗauka ciwo ne ya kama ta."

Maganar nan ta fi saran yi masa zafi. Bai ƙara wata guda a gidan ba ya ajiye aiki.

Yanzu dashen furanni yake sayarwa a bakin titi a Durumi, alilliba a layin gaba. Duk wanda ya taya, sai Baba ya tsayar da shi ya yi masa bayanin danƙo tiryan-tiryan, har da labarin kafet. Yawanci wani furen suke saye su tafi. Shi kuma ya ɗauki bokiti ya ba alillibar ruwa.