Yaya Kulu da Muryoyin Mata Goma

Da hantsin Talata ina shanya gero a tsakar gida a Gummi wayata ta yi ƙara. Bashiru ne, babban ɗan Yaya Kulu, daga Anka. Ya gaishe ni, sannan ya ce, "Gwaggo Asabe, Inna ta cika bayan asuba." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a bakin tabarma. Kaji suka sauka kan geron, ban kore su ba.

Yaya Kulu ma'aikaciyar lafiya ce. Na san ta a shekarun da gubar dalma ta shiga ƙauyukan da ke kewayen Bagega, lokacin da maza ke kawo dutsen zinari gida ana daka shi, ƙurarsa tana sauka a kan tuwo da hannun yara. A nan na rasa ɗiyata Hauwa'u. Yaya Kulu ce ta riƙe ni a ƙofar asibiti ranar, daga baya kuma ta ja ni jiki har na koyi aiki a hannunta.

Ta gaji da yi wa mata bayani suna gyaɗa kai, su koma gida su manta. Takan ce, "Magana bakin ƙofa taka tsayawa, waƙa ka shiga har ƙuryar ɗaki." Sai ta tsara wata gajeruwar waƙa mai kama da ta lallashin yaro, a wanke hannu, a bar dutse can daji. Ta so iyayen da suka rasa 'ya'ya su rera ta da bakinsu. Amma matan nan suna ƙauyuka daban-daban, yawancinsu ba sa fita, wasu ma ba su gama karɓar gaisuwa ba. Babu yadda za a tara su wuri ɗaya.

Tana da wata rikoda da ta gada daga ƙanenta, ba ta fi tiren shayi girma ba, mai aiki da batir da kaset. Layi huɗu gare ta, kowane layi yana ɗaukar murya ɗaya, mai rerawa kuma tana jin waɗanda suka riga ta a abin sawa a kunne. In layi uku sun cika, sai a daidaita ƙarfinsu a zuba su gaba ɗaya cikin na huɗu, a goge ukun, a sami wurin wasu. Da haka layi huɗu ya ɗauki mata goma. Sai dai abin da aka haɗa ya haɗu ke nan, ba ya rabuwa. Kuma duk haɗin da aka ƙara, muryoyin farko sukan ƙara nisa, su yi laushi kamar ana jiyo su daga ƙetaren gulbi. Shi ya sa take cewa, "A fara da masu ƙarfin murya, su ka iya jure tahiya."

Mu uku ne na farko: ni, da Jumma, wata Bafulatana mai tallan nono wadda muryarta ke ratsa kasuwa, da Saratu, wadda ɗanta Aminu bai kai shekara uku ba ya rasu. Mijin Saratu, Malam Mamman, yana can ramin zinari makonni bai dawo ba, don haka uwarsa ce ta ba da izini.

Damina ce. Har yau in na rufe ido ina ganinmu bisa babur, rikodar naɗe cikin zane a cinyar Yaya Kulu, gero kore shar ta kowane gefe ya fi mu tsawo, hadari yana tafe a hankali. Mu shiga gida, a rufe ƙofar ɗaki da tabarma, a kore awaki. Mace ta sa abin a kunne, ta zaro ido ta waiga tana neman masu waƙar. Sannan ta lumshe ido ta shiga cikinsu. Mu da ke zaune murya ɗaya tak muke ji, tana tashi tana sauka, tana jiran wasu da ba ma ji, tana amsa musu. Wata tsohuwa ta cire abin ta tambaya, "Su waɗanga mata, su ma sun yi rashi?" Yaya Kulu ta ce, "Dukansu, Inna." Tsohuwar ta mayar da shi kunne, ta ce a sake daga farko.

Yaya Kulu ba ta haɗa layi da gaggawa. Takan saurara sau uku, yatsunta a kan maɓallan, ta ɗan ɗaga wannan, ta ɗan sauke waccan, don kada mai ƙarfi ta danne mai rauni. In murya ta karye da kuka, takan tambayi mai ita ko a sake. In ta ce a bari, a bari.

Mun kai mace ta bakwai sai abubuwa biyu suka faru cikin mako guda. Jumma ta rasu wajen haihuwa a rugarsu. Malam Mamman kuma ya dawo, ya ji labari, ya aiko cewa a cire muryar matarsa, ba ya son maza su ji ta a asibiti. To, muryar Saratu da ta Jumma sun riga sun zama abu ɗaya a kaset. In an goge ta Saratu, an goge ta Jumma, kuma babu wani wuri a duniya da muryar Jumma ta rage.

Na ce, "Yaya, ki ce mashi an cire. Cikin mata bakwai wa ka ganewa?"

Ta dube ni ta ce, "Asabe, in na yi mashi ƙarya kan wagga, ran da nac ce mashi dutse na kashe yara, mi za ya sa shi yarda?"

Washegari muka je. Ya tarbe mu a zaure, fuska a ɗaure, ƙurar rami ba ta gama fita daga farcensa ba. Yaya Kulu ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa komai yadda yake, har da maganar Jumma. Ta ce, "Haƙƙinka ne, Malam. In kac ce a goge, yanzun nan za ni gogewa gabanka. Amma ka ji abin da za a goge." Ta miƙa masa abin kunnen.

Ya karɓa kamar ba ya so. Kaset ya fara juyawa. Ba ma jin komai sai ɗigar ruwa daga indararo. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Idonsa ya tsaya a kan bango kamar bangon ya buɗe yana hango wani wuri. Da waƙar ta ƙare bai cire ba, sai da Yaya Kulu ta taɓa maɓalli.

Ya ce, "Ita ce ta ƙasa-ƙasa can. Haka taka yi ma Aminu in zazzaɓi ya hana shi kwana." Ya share fuska da hannun riga. "A bari. Amma ɗakin mata kaɗai za a sa ta."

Yaya Kulu ta ce ta yi alkawari, kuma ta riƙe shi. Masu neman a kai waƙar gidan rediyo sun zo har sau biyu, ta ce ba tata ba ce da za ta bayar. A ɗakin awon yara kawai aka riƙa sa ta, kuma na sha jin mata suna rera ta a bakin rijiya ba su san masu ita ba.

Ranar addu'ar uku na isa Anka. Ɗakinta cike da mata. Ina zaune wata ta shigo ta ce, "Ya haƙuri?" Sai wata daga lungu ta ɗago kai da sauri ta ce, "Baiwar Allah, sake magana." Ta sake. Ta lungun ta ce, "Ke ce mai shigowa bayan baiti na biyu." Ashe mu shida ne cikin goman a ɗakin, ba wadda ta san fuskar wata sai ni. Muka matso muka zauna gwiwa da gwiwa. Ba mu rera komai ba, gidan makoki ne. Mun dai riƙe hannun juna har aka kira azahar.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sanya kowane yaro da ya rayu ta dalilinta a ma'auninta. Ka ji ƙan Jumma da yaranmu da suka riga mu. Ka ba Bashiru da ƙannensa haƙuri, ka haɗa kansu, ka tsare su daga abin da za su ji kunyarsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.