Rigar da Na Ɗinke wa Malaminmu

Ni tela ne. Shagona yana ciki da Ƙofar Kabuga, kuma sai da furfura ta fara fito mini sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zama a zauren mai unguwa, mu dattawa, kowa da fensiri a bayan kunne kamar kafinta.

Wanda yake koya mana ɗalibin jami'a ne, ɗan ƙabilar Ibo, da yake zuwa don raɗin kansa. A haife na haife shi, amma Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Baba. Hausarsa tana ɗingishi, tawa bokon tana rarrafe, haka muke lallaɓa juna. In na daɗe ina zana harafi ɗaya sai ya ce, "Baba, rubutu ne, ba aikin wuyan riga ba."

Duk mun ɗauka Kirista ne. Sai a lokacin da labarin yaƙin Gabas ta Tsakiya ya cika rediyo, kowace majalisa ana tsine wa Yahudawa, ya tsaya a shagona wata rana bayan an tashi. Ya rage murya ya ce shi da abokin ɗakinsa addinin Yahudawa suke bi, kuma akwai irinsu a garinsu. Ya roƙe ni in riƙe a cikina. Na riƙe. Na kuma tuna yadda nake jefa wa marowaci sunan Bayahude a gabansa, shi kuwa yana murmushi kawai.

Ana cikin haka ya daina zuwa aji. Abokin ɗakin nasa ya zo ya shaida mini mahaifin Malam ya rasu, har an binne shi, domin su ma ba sa ajiye gawa. Hanya ba lafiya, mahaifiyarsa ta hana shi tahowa. Yana ɗaki yana zaman makoki na kwana bakwai, kuma ba sa son a sani, kada a zo a ga irin addu'arsu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, uwargida ta dafa wake da shinkafa da man gyaɗa, ba nama, don na lura ba ya cin naman waje. Na ɗauka na fita ƙofa zuwa ɗakin da suke haya. Na tarar da shi a ƙasa kan tabarma, idanu sun yi ja. Na yi masa gaisuwa irin tamu, na ce Allah ya ba shi haƙuri. Ya ce amin.

Da zan fita na ga farar rigarsa rataye a ƙusa bayan ƙofa, ta yage daga wuya zuwa ƙirji ta hagu. Idon tela ba ya wuce yaga. Na ce a raina, yaro ga maraici ga rashin sutura. A wurinmu ba ka tambayar mutum don me rigarsa ta yage, tozarta shi ne. Gyarawa kake yi ka yi shiru. Na naɗe ta na sa a ƙarƙashin babbar rigata.

Ban hau keke da ita ba. Da hannu na yi, da ƙaramar allura, na zaro zare daga cikin kalmasar rigar don launi ya zo ɗaya. Tun da nake sana'a ban taɓa ɗinki mai kyan wannan ba. Na wanke, na goge.

Ranar Lahadi da hantsi na mayar. Abokin ne ya buɗe ƙofa, ya ga abin da ke hannuna ya dafe kai.

"Baba, kai ne? Tun jiya muke juye ɗakin nan!"

Na miƙa wa Malam ina jiran ya nemi wurin yagar ya rasa. Ya nema, ya rasa. Ya shafa ƙirjin rigar da yatsa, sai ya kifa fuskarsa a cikinta, kafaɗunsa suna rawa.

Abokin ya ja ni gefe. Ya ce a al'adarsu, wanda ya ji mutuwar mahaifinsa da hannunsa yake yaga rigar da ke jikinsa, daidai saitin zuciya, ya zauna da ita har bakwai. Ranar hutunsu ta Asabar, wadda take kamawa tun yammacin Juma'a, kaɗai ake cire ta, shi ya sa na gan ta a ƙusa. Ya ce, "Bai ga gawa ba, bai zuba ƙasa ba. Wannan yagar ita ce jana'izar da ya samu."

Na rasa inda zan sa idona. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini. Jahilci ba a takarda kaɗai yake ba."

Ya ɗago ya share ido. "Baba, da rubutunka ya kai ɗinkinka kyau, da tuni ka wuce ni."

Muka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba. Na ce ko ya sake yaga ta? Ya girgiza kai. Ya ce waccan ta lokacin da aka kira shi a waya ce, ita yake so.

Kullum da reza a aljihuna. Na zauna a ƙasa kusa da shi na fara warware aikina. Ɗinkin ya ɓuya har ni mai shi sai na ɗaga rigar ga hasken taga nake ganinsa. Shi ya riƙe mini gefe ɗaya, ina yanka ina zare zaren, kamar yadda yake riƙe mini takarda a aji. Aka kira azahar ban gama ba. Na yi alwala da butarsu, na yi salla a bakin ƙofa, na dawo na ci gaba.

Da yagar ta buɗe duka, ya sa rigar. Ta koma yadda take, sai dai an wanke ta, wannan kuwa ba ni da yadda zan mayar. Gefe da gefen yagar kuma ga ƙananan hudojin allurata a jere.

Sauran kwanakin na riƙa rufe shago da wuri ina zuwa in zauna da su. In idona ya kai kan ƙirjinsa sai in sunkuyar da kai, shi kuma ya turo mini kwanon abinci ya ce, "Baba, ci mana. Ka zo gaisuwa ne ko gadi?"