Cajar da Habibu Ya Miƙa Mini

Wallahi jama'a ba ƙirƙira nake ba, ni abin nan ya faru da ni a Alƙahira, shekarar 2014, lokacin ina tuƙa wani Alhaji ɗan ƙasarmu da ke zaune a unguwar Zamalek.

Ina da amini, Habibu, ɗan unguwarmu, tare muka taso, kwano ɗaya muke ci, matata ma Yaya take ce masa. Shi ma yana Alƙahira, yana karatu. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ja ni gefe, duk ya rame ya yi zuru-zuru, ya ce karatu ya sha masa kai, yana so in karɓi wani ɗan aiki a unguwar Dokki. Wani tsohon Bamisire ne ke da mota mai ɗaki, irin wadda ake kwana a ciki, da gado da firji da ɗan banɗaki, tun rikicin 2011 aka daina fita sahara da ita, mai ita ya bar ƙasar, tana nan ajiye a garejin wani bene. Aikin kawai a riƙa ɗora wa batiranta caja duk mako kada su mutu.

Da muka isa sai ya toge a bakin garejin, wai ƙurar wurin tana tayar masa da asma. Mutumin da ban taɓa jin ya yi ko tari ba! Daga nan ya yi mini bayani: batiran suna ƙarƙashin gado, in fara cire wayar da ta haɗa su da cikin motar, in duba ruwansu, in maƙala ja a ja, baƙi a baƙi, in buɗe taga saboda wari, sannan in jona a bango. Ya miƙo mini cajar da hannu biyu ya ce, "Ka karɓa da yardarka?"

Na yi dariya na ce, "Kai mutumina, aure za ka ɗaura mini? Na karɓa." Ya sauke wata irin ajiyar zuciya, ni kuma sakarai na ɗauka gajiya ce.

Abin da ya fara ɗaure mini kai, duk sanda na cika batiran taf, in na dawo sai in tarar sun mutu murus, alhali ban mayar da wayar ba, ba abin da zai sha su. Na ce tsufa ne.

Ran nan da la'asar sakaliya, ina zaune a matakalar motar sai aka ɗauke wuta, don a bazarar nan ɗauke wuta ya zama ruwan dare, caja ta mutu, garejin ya yi tsit. Sai na ji injin famfon banɗaki ya tashi. Jama'a, wayarsa tana ajiye kusa da ƙafata, tankin ruwan kuwa ni da kaina na leƙa, a bushe yake ƙayau. Na ji ruwa yana zuba, na ji an kurkure baki, an shaƙa an fyace, an wanke fuska, a natse, bi da bi, alwalar dattijon da bai san gaggawa ba. Inna lillahi! Na so in karanta Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi juyawa. Da famfon ya tsaya na tura ƙofar da ƙafa, ba kowa, sai jiƙaƙƙen sawu daga banɗaki zuwa gefen gado.

Na fito a guje na yi karo da mai gadin benen, Ammu Ramadan. Ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Ma'alish ya Hajj, yi haƙuri, abokinka bai faɗa maka ba? Shi ma wani ne ya miƙa masa. Mai alwalar nan ba motar yake bi ba, mai cajar yake bi."

Nan take na kira Habibu. Ya ce, "Ka yi haƙuri. Har ɗakina yake zuwa, na kusa zarewa. An ce sai wani ya karɓa da yardarsa, na ga ka fi ni dakakkiyar zuciya. Kai ma ka samu wani ka ba shi, khalas, shi ke nan."

Tsoron da na ji a garejin bai kai zafin wannan maganar ba. Duk Alƙahira, da ɗimbin mutanenta, ni ya zaɓa, don ya san ni kaɗai zan karɓa ban tambaya ba. Ya san ina da mata da jaririya a gida. Tun daga ranar ban ƙara ɗaga wayarsa ba, kuma har gobe in na tuna ajiyar zuciyar nan raina ɓaci yake.

Na bar cajar a garejin, ban miƙa wa kowa ba, ba zan yi wa ɗan wani abin da aka yi mini ba. Malamai sun yi ta addu'a, na dawo gida Najeriya, na ce an rabu. Amma batir ba ya daɗewa a gidana, na mota, na fitila, duk ɗaya.

Shawarata, in an miƙo muku abu ana neman ku furta kun karɓa, ku tsaya ku tambayi dalili, ko da mai miƙowar ciki ɗaya kuka fito. Shekaranjiya da la'asar ƙaramar 'yata, wadda ba ta taɓa jin labarin nan ba, ta zo ta ja mini riga ta ce, "Baba, wane tsoho ne yake alwala a banɗakinmu?"