Malam Bawa Mai Haƙar Salga

Ina kasuwar Tsafe ina tayin azara sai wani mai jaki daga Kucheri ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Magini, ashe ba ka ji ba? Malam Bawa ya rasu shekaranjiya. Zazzaɓin kwana uku." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna bisa azarar. An riga an rufe shi, ko sallarsa ban samu ba.

Ni bango nake ginawa, shi kuwa salga yake haƙawa, kuma mun daɗe muna shiga gidajen mutane tare, daga Rawayya garinsu har Gusau. Aikinsa irin wanda ake raina mai shi ne. Akwai masu gaishe shi daga nesa, amma duk ranar da salgarsu ta rufta, su ne a ƙofarsa tun da asuba. Bai taɓa tuna wa kowa ba.

Kafin ya sa dundurusu a ƙasa sai ya ɗebi ƙasar wurin ya murza, ya tambayi inda rijiya take, ya auna nisan da ƙafa. Yakan ce, "Abin da na haƙa yau, jikokin gidan nan za su tsuguna kansa. In na yi ha'inci, su za ya ci."

Wani falke a Gusau ya taɓa kawo bakin salga na ƙarfe daga kudu, yana ta alfahari da shi. Malam Bawa ya jujjuya shi, ya ce, "Alhaji, kyau kam shina da kyau. To in ya lalace, ina za ka samo ɗan'uwansa?" Ya ba shi shawarar wuyan tulu da itacen ƙirya, waɗanda kowace ranar kasuwa ana samu. Falken ya ƙi, aka sa masa ƙarfensa. Damina biyu tsatsa ta cinye shi, ƙafar matar falken ta zurma ta ji ciwo. Malam Bawa ya zo da wuyan tulu a kafaɗa, ya gyara.

A Bungudu kuma na ga ya ja igiya daga ƙofar ɗakin wata makauniya har bakin salga, don ta daina jiran mai jagora.

Aikinsa na ƙarshe yana gidan Inna Hurera a Kucheri, gwauruwa mai riƙon jikoki huɗu. Ya kai rabi ciwon ya kayar da shi. Jiya na je. Ta ce mini, "Malam, hadari ya fara haɗuwa. Ka ƙarasa mana mana." Na leƙa ramin, na ɗebi ƙasar na murza yadda yake yi, ban gane komai ba. Ban san ko za ta riƙe ba, ban kuma san wanda zan tambaya ba. Na sare ƙaya na rufe bakin don yara, na ce ta yi haƙuri.

Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa tsabtar da ya yi wa gidajen Musulmi ta zame masa haske. Allah Ya ba matarsa Inna Rabi da ɗiyansa haƙurin rashi, Ya rufa musu asiri kamar yadda marigayin ya rufa na mutane. Amin.