Ramukan Ƙaguwa

Jiya na ga ƙaguwa a shagon kifi a unguwar Manfuha da ke Riyadh, sai na tuna da marigayi dattijon da muka zauna ɗaki ɗaya. Kafin ya dawo Riyadh, aikinsa dasa itatuwa ne a bakin teku wajen Dammam.

Wata Juma'a na kai shi can. Ruwa ya janye, laka sai wari take. Ya tuɓe takalmi, ya shiga zare ledoji daga saiwoyi.

Na ce, "Baba, wahalar banza kake."

Ya nuna mini ƙananan ramukan ƙaguwa a cikin lakar. "Da na fara, ko ɗaya babu. Ƙaguwa ba ta zama a gurɓataccen ruwa."

Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya dasa.